Shirin Shekara Ashirin, Aljihun Shekara Ɗaya: Me Ke Damun Taswirar Fermilab?

A watan Disamban 2023 wani kwamiti na masana fiziks kimanin talatin a Amurka ya fitar da rahoton da ya tsara abin da ƙasar za ta gina a fagen binciken ƙwayoyin cikin zarra a shekara goma masu zuwa, da hangen abin da zai biyo baya har shekara ashirin. Ana kiran kwamitin P5. A jerin sabbin ayyukan da ya ce a yi, wanda ya sa a sahun farko shi ne CMB-S4, wato rukunin na'urorin hangen sama da za a kafa a hamadar Chile da kuma tsakiyar ƙanƙarar Antatika, domin auna ɗan hasken da ya yi saura tun farkon samuwar sararin samaniya. Bayan wata biyar kacal, Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa ta ce tasharta ta Antatika na buƙatar gyara, ba za ta ɗauki sabon gini ba. A Yulin 2025 ita da Ma'aikatar Makamashi suka janye hannu gaba ɗaya. Aikin da masana suka ce shi ne na ɗaya bai cika shekara biyu a raye ba.

Na fara da wannan ne don ka san irin ƙasar da aka dasa shirin a kanta. Amma abin da nake so mu duba tare shi ne cibiyar da rahoton ya fi shafa, wato Fermilab, da ke garin Batavia kusa da Shikago a jihar Ilinoi. Ba ita ke jagorantar CMB-S4 ba, amma ita kaɗai ce cibiyar gwamnatin Amurka da ba ta da wata sana'a sai wannan fagen, don haka duk abin da P5 ya rubuta, kusan taswirar rayuwarta ce. Ra'ayina tun yanzu, don kada in ɓoye maka: taswirar ta iya zaɓen tambaya, ba ta iya faɗin farashi ba, kuma tana yin magana kamar aljihun da zai biya nata ne alhali ba nata ba ne.

Bari ka san cibiyar tukuna. An kafa ta a 1967, shugabanta na farko Robert Wilson, mutumin da ya kawo garken ɓaunar Amurka ya sake su a filin cibiyar, kuma jikokinsu na can suna kiwo har yau. A 1969 wani sanata ya tambaye shi ko injin da yake ginawa zai taimaka wajen tsaron ƙasa. Wilson ya amsa da cewa ba ruwansa da tsaro kai tsaye, sai dai yana cikin abubuwan da ke sa ƙasa ta cancanci a tsare ta. Ya kammala injin cikin kasafin dala miliyan 250 da aka ba shi, har da 'yar ragowa, duk da cewa maganaɗisu da yawa sun lalace a 1971 saboda gaggawar da aka yi. A wannan fili aka gano kwak na ƙasa a 1977, da kwak na sama a 1995, da niyutirino nau'in tau a 2000. Injinta mai suna Tevatron, zobe mai kewayen fiye da kilomita 6 da ke gwara furoton da kishiyarsa, ya shafe shekara fiye da ashirin babu na biyunsa a duniya wajen ƙarfi.

Wanda aka shirya zai gaje shi ba a Ilinoi aka fara gina shi ba, a Teksas ne. Sunansa SSC, zobe mai kewayen kilomita 87. An fara da ƙiyasin dala biliyan 4.4, ƙiyasin ya yi ta hawa har ya haura biliyan 10, sai majalisar dokoki ta soke aikin a Oktoban 1993, bayan an kashe wajen biliyan 2 kuma an haƙa ramin da ya haura kilomita 20. Mu da muka saba ganin ginin gwamnati da ciyawa ta cinye ba za mu yi mamaki ba, amma su abin ya zame musu tabon da bai warke ba. Turai ta gina nata injin, LHC, mai kilomita 27 a cibiyar CERN da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan. Aka kashe Tevatron a ƙarshen Satumban 2011, a Yulin 2012 CERN ta sanar da gano ƙwayar Higgs. Fermilab ta wayi gari da ma'aikata, da injuna, da fili mai faɗin eka 6,800, amma babu babban dalilin zama.

Irin wannan ranar ce ake yin shirin dogon zango dominta. Kuma gaskiya, yadda Amurkawa ke yin nasu abin koyi ne. Da farko masu bincike dubbai, daga farfesa har ɗalibin digiri na uku, sukan shafe shekara ɗaya ko biyu suna rubuta takardu suna muhawara a kan abin da ya kamata a bincika. Ana kiran wannan zango Snowmass, sunan wani ƙauyen tsaunuka a jihar Kolorado inda aka saba yin taron a da. Kowa ya kawo burinsa, ba a maganar kuɗi. Sannan a naɗa ƙaramin kwamiti, P5 kenan, a ba shi kasafi iri biyu ko uku, mai yalwa da mai ƙunci, a ce: ga abin da ake sa ran samu, ku jera mana, wanne ne gaba, wanne ne baya, wanne za a yar. Wannan sashen na ƙarshe shi ne darajar tsarin. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin tsare-tsare na jami'a ya san yadda ake fitowa da takarda mai ɗauke da burin kowa, don kada a ɓata wa kowa rai, sai ta zama ba ta ce komai ba. P5 yakan ce a'a, a rubuce, ga abokan aikinsa. Rahoton 2014 ya yi haka, masana suka mara masa baya da murya ɗaya, majalisa ta ga an daina jayayya a gabanta, kasafin fagen ya yi ta ƙaruwa shekaru a jere. Wannan nasara ce ta gaske, kada ka bari sukar da ke tafe ta shafe ta.

Abin da rahoton 2014 ya zaɓa wa Fermilab shi ne niyutirino. Ƙwaya ce da ba ta da cajin lantarki, nauyinta kuma ɗan mitsitsi ne ƙwarai, kusan ba ta taɓa komai. A daƙiƙar nan da kake karanta wannan layi, biliyoyi da dama daga rana sun ratsa ta farcen babban yatsanka sun wuce. Iri uku ce, kuma tana rikiɗa daga wannan iri zuwa wancan a kan hanya, abin da aka tabbatar a Japan a 1998 da Kanada bayan 'yan shekaru, har aka ba da kyautar Nobel a kai a 2015. Rikiɗar na nufin tana da nauyi, alhali ƙa'idar da fiziks ke tafiya a kanta ta ɗauka ba ta da shi. Ga tsaga a bango kenan. Tambayoyi biyu suka fi tsole ido. Ta farko, a cikin ukun wacce ta fi nauyi, wacce ta fi sauƙi? Ta biyu ta fi zurfi: shin niyutirino da kishiyarta suna rikiɗa daidai wa daida? Kowace ƙwaya tana da kishiya, in sun haɗu su halaka juna su zama haske. Lissafi ya ce an samar da su kusan kai ɗaya a farkon duniya, to me ya sa abu ya yi saura har ya zama taurari da ni da kai? In aka sami bambanci tsakanin niyutirino da kishiyarta, an kama bakin zaren amsar, ko da ba a kai ƙarshensa ba.

Gwajin da aka tsara shi ne DUNE. A Fermilab za a harba furoton a kan wani abin bugu, a samar da kwararar niyutirino, a saita ta cikin ƙasa ba tare da wani rami ba, ta yi tafiyar kilomita 1,300, nisan da ya zarce na Kano zuwa Legas, ta fito a garin Lead da ke Dakota ta Kudu. Can, kilomita ɗaya da rabi a ƙarƙashin ƙasa, a tsohuwar mahaƙar zinariya ta Homestake, za a ɗana mata tarko: manyan tankuna huɗu, kowanne da tan 17,000 na iskar agon da aka sanyaya har digiri 186 ƙasa da sifili ta zama ruwa. In niyutirino ta yi sa'ar bugun zarrar agon, ƙwayoyin da suka fantsama sukan bar sawu, na'ura ta ɗauki hoton sawun dalla-dalla. Nisan ma da gangan ne, domin doguwar tafiya cikin dutse tana shafar niyutirino da kishiyarta ta fuska daban-daban, ta haka za a gane jerin nauyin. A wannan mahaƙar ce Ray Davis ya fara kama niyutirinon rana a ƙarshen shekarun 1960, wurin na da tarihi.

Zaɓin ya yi daidai? Ni dai na ce ya yi. Ba yadda Amurka za ta yi ta ƙwace kambun ƙarfi daga LHC da kuɗin da take da shi, Fermilab kuma dama ta iya harba niyutirino, ta yi zuwa Minesota sau biyu, a gwajin MINOS da na NOvA. Ka kama abin da ka fi kowa iyawa, ka gayyato duniya ta zo gidanka. An kuwa zo: masana fiye da 1,000 daga ƙasashe sama da 30, CERN ta ɗauki nauyin kwankwason tankuna biyu ta kuma gwada samfurin tarkon a harabarta, Indiya da Faransa da Italiya da Birtaniya da Polan suna ba da sassan sabon injin hanzarta furoton mai suna PIP-II.

Matsalar ta fara ne daga farashi. A wajen 2015 an ce kason Amurka ba zai kai dala biliyan 2 ba, kuma za a fara harba niyutirino wajen 2026. Kafin 2022 ƙiyasin ya haura biliyan 3, kuma ka lura, wannan kuɗin ba na aikin da aka yi alkawari ba ne. An raba shi gida biyu. Zangon farko tankuna biyu ne maimakon huɗu, da kwarara mai ƙarfin megawat 1.2 maimakon fiye da 2, da ƙaramin tarko na kusa wanda aka rage masa kaya. Ranar harbi ta koma farkon shekarun 2030. Wato kuɗi ya kusa ninkawa, kaya ya ragu da rabi, lokaci ya ƙaru da shekara biyar.

Ba sata aka yi ba, kuma ba a zargi kowa da ita ba. Cinikin biri a sama aka yi. An faɗi farashin tun zane bai nuna ba. Babban abin da ya ci kuɗin ma ba fiziks ba ne, haƙa ne. Sai da aka gyara tsohuwar rijiyar mahaƙar daga sama har ƙasa, sannan aka fasa dutse tan 800,000 aka hau da shi sama ta wannan rijiyar, aka zuba a wani tsohon ramin zinariya da ke gefen gari, mutanen garin suna kukan ƙura. Kogunan da aka sassaƙa wa tankunan, tsawon kowanne ya kusa mita 150, tsayinsa kamar bene mai hawa bakwai. An fara aiki a 2017, an gama haƙa a farkon 2024. Cibiyar da ta ƙware a maganaɗisu da wayoyin lantarki ta tsinci kanta tana kula da aikin mahaƙa a wata jiha mai nisan kilomita 1,300. Ma'aikatar Makamashi tana ba cibiyoyinta maki duk shekara, kuma a 2021 makin Fermilab ya faɗi ƙasa da abin da ake karɓa. Daga baya aka sake tallata kwangilar gudanar da cibiyar, sabon rukuni ya karɓa a farkon 2025, shugabarta Lia Merminga ta sauka a Janairun 2025.

Za ka iya cewa ai wannan laifin masu aiwatarwa ne, ba na masu tsarawa ba. Ban yarda ba, ko in ce rabi na yarda. Jerin da P5 ke yi ya dogara ne kacokan a kan farashi. In ka ce wa kwamiti aiki kaza biliyan 1.5 ne, sai ya sa shi gaba ya kuma bar wa ƙananan gwaje-gwaje wuri. Da an ce masa biliyan 3 ne na rabin aikin, wataƙila da ya zaɓe shi duk da haka, amma da ya san abin da yake sadaukarwa, da ya faɗa wa mutane tun wuri. Kasafin wannan fage gaba ɗaya a Ma'aikatar Makamashi bai wuce dala biliyan 1.2 a shekara da wani abin kirki ba. Duk dalar da rami ya ci fiye da ƙima, daga wani wuri ta fito: daga kuɗin ɗalibai, daga ƙananan gwaje-gwajen da ke ba da sakamako cikin shekara biyar, daga sa'o'in kunna injunan da ake da su. Akwai matashin da ya shiga DUNE yana ɗalibi a 2015, zai ga bayanan farko yana da furfura. A fagen da ake ɗaukar mutum aiki bisa abin da ya wallafa, wannan ba ƙaramin haraji ba ne, kuma babu shafin da aka rubuta shi a kasafi.

Sannan lokaci ba ya jira. Japan ta amince da nata gwajin, Hyper-Kamiokande, a 2020: tankin ruwa zalla mai tan 260,000 a cikin dutse, da kwararar niyutirino daga nisan kilomita 295. Fasaharsa tsohuwa ce da suka riga suka iya, girma kawai suka ƙara, kuma ana sa ran zai fara aiki wajen 2028. Chaina ta kunna JUNO a 2025, yana farautar jerin nauyin ta hanyar niyutirinon da ke fitowa daga tashoshin nukiliya masu nisan kilomita 53. Masu kare DUNE suna cewa ba tsere ake yi ba, gwaje-gwajen na cike giɓin juna, kuma nasu ne zai auna komai a wuri ɗaya da tsafta. A fuskar kimiyya gaskiya suka faɗa: ruwa da agon ba su da makanta iri ɗaya, kuma sakamako mai muhimmanci haka yana buƙatar shaida biyu. Amma ba da wannan hujjar aka sayar wa majalisa aikin ba. Da sunan jagorancin duniya aka sayar da shi. In ka karɓi kuɗi da sunan zama na farko, ba ka da bakin cewa daga baya ai na biyu ma lafiya lau.

To me rahoton 2023 ya yi da wannan darasi? Ya yi wani abu, in ba shi haƙƙinsa. Ya kafa ƙaramin kwamiti na tsofaffin hannu a harkar manyan gine-gine domin su binciki farashi da haɗari da jadawalin kowane aiki kafin a jera shi. Ya rage burin zango na biyu na DUNE: tanki na uku, da gyaran injunan da ake da su don ƙara ƙarfin kwarara da wuri, da inganta tarkon kusa, na huɗu kuwa bincike kawai tukuna. Ya nemi a ware asusu na musamman ga ƙananan gwaje-gwaje. Ya kuma faɗi abin da za a yanke in kasafi ya yi ƙunci. Abin da na nema ban samu yadda nake so ba shi ne babi guda da zai zauna ya ce: ga abin da muka ƙiyasta a 2014, ga abin da ya faru, ga inda lissafinmu ya kauce, ga alamar da in muka gani nan gaba za mu tsaya mu sake shawara. Rahoton ya ɗauki kammala zangon farko a matsayin abin da ba a tattaunawa a kansa. Wataƙila hakan ne daidai, bayan an riga an fasa dutse. Amma kwamitin da membobinsa 'yan fagen ne, da yawansu suna da hannu a ayyukan da ake aunawa, kuma kowa ya san cewa duk wata baraka da ta fito fili majalisa za ta iya fakewa da ita ta rage kuɗi, irin wannan kwamiti ba zai yi saurin tona kansa ba. Haɗin kan da ya ceci fagen a 2014 shi ne kuma ke sa a yi ƙasa da murya. Tsoron Teksas na nan.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowane kwamiti. CERN na tsaye ne a kan yarjejeniyar ƙasashe, kowace ƙasa na biyan kasonta bisa ƙarfin tattalin arzikinta, shekara bayan shekara, kuma cibiyar na iya cin bashi a lokacin gini ta biya a hankali. Shi ya sa in ta ce shekara ashirin, maganar na da ƙafa. Fermilab kuwa duk shekara sai majalisa ta sake kaɗa ƙuri'a a kan abincinta, kuma sau da yawa shekarar kuɗi kan shiga ba a zartar da kasafi ba. A 2005 aka soke gwajin BTeV ba zato. A Disamban 2007 kasafi ya fito da yanka, aka tura ma'aikata hutun dole ba albashi, aka tsayar da kuɗin NOvA na wani lokaci. A 2010 Gidauniyar Kimiyya ta janye daga shirin gina babban ɗakin bincike a Homestake, ta bar wa Ma'aikatar Makamashi kayan. Babban gini kuwa yana da yanayin cin kuɗi nasa: kaɗan a farko, tuli a tsakiya, kaɗan a ƙarshe. In aka ba ka daidai wa daida kowace shekara, dole ka ja aikin, jan aiki kuma na nufin ƙarin albashi da hauhawar farashi. Wani ɓangare na tsadar DUNE daga nan yake. (A gefe: in ka ga ana kwatanta farashin aikin Amurka da na Turai ko Japan, ka yi hattara. Amurkawa na haɗa albashin ma'aikata da kuɗin ko-ta-kwana da hauhawar farashi a lissafinsu, sauran kuwa sau da yawa kayan aiki kawai suke ƙirgawa.)

Sauran cibiyoyin Amurka sun nemi wa kansu ƙafa ta biyu. SLAC da ke Kalifoniya ta rufe injinta na gwara ƙwayoyi a 2008 ta mai da tsohon bututunta na'urar haske mai ƙarfi da masana sinadarai da halittu ke layi a kanta. Brookhaven na da sana'o'i da yawa a gida ɗaya. Fermilab ta ɗan taɓa harkar kwamfutar kwantum, amma har yanzu in DUNE ya yi tari, cibiyar gaba ɗaya ce ke kwanciya.

Sai mu zo kan sashen rahoton da ya fi jan hankalin 'yan jarida, wanda ni ma na fi jin daɗin karantawa, kuma na fi shakka a kansa: injin gwara miyuwon. Miyuwon kamar yayan ilaktoron ne, ya fi shi nauyi sau 207. Ilaktoron in ka tilasta masa zagaya zobe yakan zubar da ƙarfinsa ta hanyar haske, shi ya sa injin da CERN ke tunanin ginawa nan gaba zai kai kilomita 91. Furoton kuwa buhu ne na ƙananan ƙwayoyi, in biyu suka yi karo ɗan kaso ne kawai na ƙarfin ke aiki. Miyuwon ya tsira daga duka biyun: nauyinsa ya hana shi zubar da ƙarfi, kuma shi ɗaya ne tilo ba buhu ba. Zobe mai kewayen wajen kilomita 10 zai iya yin aikin da injin furoton mai ninkinsa da yawa zai yi, kuma zai iya shiga filin Fermilab. Ka ga dalilin zumuɗin. Kambun da ya tafi Turai zai dawo gida.

Cikas ɗin shi ne miyuwon ba ya kwana. A tsaye, rayuwarsa kashi 2.2 ne cikin miliyan na daƙiƙa. Gudu na tsawaita masa rai kamar yadda ƙa'idar Einstein ta nuna, amma duk da haka dole ka samar da shi, ka tattaro shi daga warwatse ka matse shi ya zama siririn zare, ka hanzarta shi, ka gwara, duk kafin ƙiftawar ido. Matsewar ita ce gagarabadau. An nuna cewa dabarar na aiki a wani ƙaramin gwaji a Ingila mai suna MICE, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2020, amma tsakanin wannan da abin da injin gaske ke buƙata akwai tafiya mai nisa. Waɗanda suka mutu a hanya kuma suna watsa ƙwayoyin da ke dumama maganaɗisu suna rikita na'urar ganowa.

Rahoton bai ce a gina ba, ya ce a yi bincike mai ƙarfi a ga ko za a iya, kuma wannan magana ce ta hankali. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tarihin. Amurka ta taɓa samun shirin binciken injin miyuwon, Fermilab ce ma ke jagorantarsa. Rahoton P5 na 2014 ne ya ba da shawarar a sake duba shi a kuma nemi rufe MICE da wuri, aka naɗe shirin, masanansa suka watse, wasu suka yi ritaya, aikin ya koma hannun wani rukuni da CERN ke karɓar baƙuncinsa. Bayan shekara tara, kwamiti mai suna iri ɗaya ya ce wannan ne babban burin ƙasa. Kowace shawara a lokacinta tana da hujja: a 2014 kuɗi ya yi kaɗan, kuma ba a san abin da LHC zai gano ba. Amma in ka haɗa su biyun, za ka ga shirin da ake kira na dogon zango ya kashe ɗan ƙaramin abin da ya fi kowanne buƙatar dogon zango. Na'ura in ka ajiye ta za ka dawo ka tarar da ita. Mutanen da suka san yadda ake matse miyuwon ba haka suke ba, sai ka sake rainon wasu daga farko.

Kada ka fita daga nan da tunanin cewa cibiyar ta mutu. A Yunin 2025 ta fitar da sakamakon ƙarshe na gwajin da ke auna maganaɗisun miyuwon, da daidaiton da ya kai kashi 127 cikin biliyan, da wani zoben maganaɗisu mai faɗin mita 15 da aka ɗauko ta jirgin ruwa da mota daga Brookhaven a 2013. Gwaji ne matsakaici, da tsohon kaya, kuma shi ne ya riƙe sunan cibiyar a bakin duniya duk tsawon shekarun da ake fasa dutse a Dakota. Ina ganin DUNE ma zai yi aiki in an kunna shi, kuma in wani tauraro ya fashe a cikin rukunin taurarinmu yana kunne, abin da zai kama babu wani tarko da zai kama irinsa.

In kana son ka bi labarin da kanka, ga inda za ka sa ido. An sassaƙa kogunan nan ne da wurin tankuna huɗu. Biyu suna da kuɗi. Na uku yana cikin rahoton 2023, a jerin nan da CMB-S4 ke samansa, kuma sai majalisun da ba a ma zaɓe su ba tukuna sun yarda shekara bayan shekara. Na huɗu ba a tsai da irin fasahar da za a sa masa ba. A yanzu wurinsa fili ne kawai a cikin dutse, kilomita ɗaya da rabi a ƙarƙashin garin Lead.